Yadda ake gyara tayar baya da aksil idan sun yi lako-lako a injin yankan ciyawa na hawa

A tsakiyar damina ne, ciyawar filin ƙwallon da nake kula da shi ta kai ƙauri, sai tayar baya ta hagu ta injin yankan ciyawarmu ta yi faci. Na sa yaron da ke taya ni aiki ya kwance ta ya kai wa mai faci a bakin titi. Ya dawo ya ɗaura, ya hau, ya tayar da inji, ya taka feda. Inji na ta ruri, amma ko gezau. Ya sauko jiki a sanyaye ya ce, "Maigida, giyabos ya tafi."

Na durƙusa daga gefe, na cire murfin robar da ke tsakiyar wilin, na ce ya sake takawa a hankali. Sai ga kan aksil yana ta juyawa shi kaɗai a cikin ramin wili, taya kuwa tana tsaye. Na ce masa, "Ɗan guntun ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ke tsakanin wili da aksil, ina ka sa shi?" Ya ce shi bai ma ga wani ƙarfe ba. Muka ɗauko mayen ƙarfe muka bi ciyawar wurin da ya kwance tayar, muka tsinto shi. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, amma da ba mu same shi ba, da an kira bakanike ya sauke giyabos mai lafiya.

Tun daga ranar nake gaya wa duk mai irin wannan inji cewa kafin ya ɗauki sufana ya fara gano inda wasan, wato lako-lakon, yake. Yawancin lako-lakon tayar baya a waje yake, a mahaɗar wili da aksil, kuma kayan gyaransa ba su da tsada. Abin da ke kai mutane ga asara shi ne guduma da walda.

Yadda wurin yake

A bayan injin, ƙarƙashin kujera, akwai akwati ɗaya na ƙarfe da ya haɗa giya da difiransha (mai raba juyi tsakanin tayoyin baya biyu), wanda a nan za mu riƙa ce masa giyabos. Daga cikinsa sanduna biyu suka fito, ɗaya dama ɗaya hagu, su ne aksil. Kamfanonin da sunansu ke jikin injin, irin su John Deere da Husqvarna, galibi ba su suke ƙera wannan akwati ba. Za ka tarar da sunan Tuff Torq ko Hydro-Gear a kan 'yar takardar da ke manne a jikinsa idan mai aiki da matsin mai ne, ko Peerless idan tsohon mai giyar hannu ne. Wanda aka fi cin karo da shi a ƙananan injuna shi ne Tuff Torq K46. Jikinsa na alminiyom ne, kaurin aksil ɗinsa inci 3/4, wato milimita 19.05.

Hanyoyin da ake riƙe wili a kan aksil uku ne. Mafi yawa ita ce ta ki. An tsaga kwarmi a jikin aksil, an tsaga wani a cikin ramin wili, sai a zura ƙarfe mai kusurwa huɗu ya cike kwarmin biyu. Kaurinsa a kan aksil mai inci 3/4 yawanci inci 3/16 ne, tsawonsa kamar inci 2. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa taya. A bakin aksil kuma akwai washa ɗaya ko biyu da kilif mai kama da harafin E, sannan murfin roba. Kilif ɗin ba ya juya taya, aikinsa kawai ya hana ta zamewa waje. Hanya ta biyu ita ce ta injunan kamfanin MTD da danginsu: babu ki, an shafe gefe biyu na kan aksil sun zama shafaffu, ramin wili ma haka, sai noti ɗaya da washa mai ɗan lanƙwasa a tsakiya su danne. Ta uku ta manyan injuna ce, inda akwai faranti a kan aksil da notuna 4 ko 5 kamar na mota.

Akwai abu guda game da difiransha da ya kamata ya zauna maka a rai. Shi yakan tura ƙarfi zuwa ɓangaren da ya fi sauƙin juyawa. Don haka idan ki ɗaya ya ɓace ko ya karye, aksil na wannan gefen zai yi ta juyawa a banza, ɗaya tayar mai lafiya kuma ba za ta ja ba. Mafi hatsari kuma, birkin waɗannan injuna ba a kan taya yake ba, a jikin giyabos yake. Idan ki ya tafi, birki ma ya tafi. Injin da ke kan gangara zai mirgina ko da an taka birki har ƙasa.

Ɗaga injin

Ka kai shi wuri mai tauri wanda ba shi da gangara, daɓen siminti ya fi. Kashe inji, zare makulli, sauke farantin wuƙaƙe ƙasa, ka cire wayar fulogi. Sa weji gaba da bayan tayoyin gaba biyu. Kada ka dogara da birki, domin da zarar taya ɗaya ta baya ta bar ƙasa, birkin bai riƙe komai ba, saboda dalilin da na faɗa.

Ka sa jak a ƙarƙashin ƙarfen jikin injin, wurin farantin baya da ake maƙala tirela, ba a ƙarƙashin cikin giyabos ba. Alminiyom yana tsagewa, kuma tsagar ba lallai ka gan ta a ranar ba sai mai ya fara tsatsafowa. Idan tayoyin biyu sun tashi kamar faɗin yatsu uku, ka tura tsayayyen ƙarfe ko gungumen katako mai kauri ƙarƙashin jikin injin a gefe biyu, ka sauke nauyin a kansu. Bulon siminti ba abin yarda ba ne, yana fashewa ba sallama. Girgiza injin da hannu ka tabbatar ya zauna daram kafin ka kai kanka kusa.

Gano inda wasan yake

Nan ne ainihin aikin, kada ka yi gaggawa. Cire murfin roba, goge bakin aksil, ka ja layi ɗaya da alli daga kan aksil ya haura kan wili.

Da farko ka kama taya da hannu biyu ka ja ta wajenka, ka tura ta ciki. Ka sa ido a kan bakin aksil. Idan wili ne ke zamewa a kan aksil, shi kuwa aksil yana nan tsaye, to washa ce ta ɓace ko ta cinye, ko kilif ya fita daga mazauninsa. Ɗan motsi kamar milimita 1 ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Amma idan aksil ɗin ne da kansa yake shiga yana fita daga cikin giyabos sosai, matsalar tana ciki.

Sai ka juya taya gaba kaɗan, baya kaɗan, kana kallon layin alli. Idan layin ya rabu biyu, wato wili ya motsa kafin aksil ya bi shi, ki ya cinye ko kwarminsa ya buɗe. Idan layin bai rabu ba amma kana jin ɗan fili kafin giya ta kama, wannan tazarar haƙoran giya ce, kowane giyabos yana da kaɗan daga cikinta. Kada kuma ka tsorata idan ka ga ɗaya tayar tana juyawa baya yayin da kake juya wannan gaba, aikin difiransha ke nan.

Na uku, ka kama saman taya da ƙasanta ka girgiza kamar mai gwada haƙori. Sa wani ya haska maka tocila ta bayan wilin, daidai inda aksil ya fito daga giyabos. Idan aksil yana ɗagawa yana sauka a cikin bakin akwatin, bushin ko boris, wato abin da aksil ke juyawa a cikinsa, ya cinye, kuma sau da yawa za ka ga jiƙar mai da ƙura ta manne a wurin. Idan aksil bai motsa ba, to ramin wili ne ya faɗaɗa, ko waldar da ta haɗa bututun tsakiya da farantin wili ta tsage. Tsagar takan ɓuya a ƙarƙashin fenti, alamarta siririn layin tsatsa mai launin ja da ya zagaye bututun.

Akwai kuma wanda mutane ke mantawa. Wani lokaci taya lafiya, aksil lafiya, giyabos ɗin ne gaba ɗaya yake rawa a jikin injin. Notuna ne ke riƙe shi ta gefe biyu kusa da inda aksil ke fitowa, da wani ƙarfe a gaba da ke hana shi ɗagowa idan an taka feda. Ka gwada kowanne da sufana, ka duba ƙarfen jikin injin a kewayen ramukan ko ya tsage. Alamar wannan a wurin aiki ita ce ƙarar "gwaf" duk lokacin da aka sauya daga gaba zuwa baya, da bel mai yawan faɗuwa.

Cire wili

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da waya, domin ka tuna gefen da bakin iska yake kallo da jerin washa. Sa bakin sukudireba a ɗaya daga cikin ramukan kilif ka banƙaro shi, ɗaya hannun kuma ka rufe shi da tsumma, don idan ya yi tsalle cikin ciyawa ka sha nema. Zare washa ka jera su a kan kwali yadda suka fito. Sannan ka jawo wili a hankali, tafin hannunka a ƙarƙashin aksil don tarar ki. Littafin da ke zuwa da injunan Husqvarna ma ya ja kunne a kan kada a yar da shi. Bayan wilin za ka iya samun wata washa ko ɗan bututu mai ba da tazara, su ma ka jera su.

Wannan idan wili ya yarda ke nan. Injin da ake wankewa da tiyo, ya yi damina cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, sannan a jingine shi duk rani, wilinsa yakan kama aksil da tsatsa kamar an yi musu walda. A nan ne ake kashe giyabos. Mutum zai ɗauko babbar guduma ya riƙa dukan bakin aksil ko bayan wili. A cikin akwatin, abin da ke riƙe aksil a jikin giyar difiransha ɗan zoben ƙarfe ne siriri, bayansa kuma bangon alminiyom. Duk dukan da ka yi a waje, su ne suke sha. Dukan kuma yana baje bakin aksil ya yi faɗi, wilin ya ƙara kasa fita.

Abin da nake yi shi ne in kankare tsatsar da ke bakin aksil da sanfefa, in fesa man sassauta tsatsa irin WD-40 ta gaba da ta baya, musamman cikin kwarmin ki, in bar shi ya kwana. In babu shi, kananzir da aka gauraya da ɗan man inji yana taimakawa. Washegari sai in sa fula, wato ƙarfen da ake ɗaurewa ya jawo wili daga aksil. Idan farantin wilin yana da ramuka, ta nan ake maƙala ta, hancinta ya tokari tsakiyar aksil, a sa ɗan guntun ƙarfe a tsakani don kada ya ɓata bakin. Ka ɗaure fula har ta yi tauri, ka ƙwanƙwasa gefen bututun wili da ƙaramar guduma, ka ƙara fesa mai, ka ƙara ɗaurewa kaɗan. Yana iya ɗaukar yini biyu. Idan ka ji "ƙas", ya saki.

Game da wuta kuwa, kada a kusantar da ita ga wili muddin taya tana jikinsa, ko da an sace iskar. Zafi yana sa robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da iskar gas, kuma taya tana iya fashewa bayan an ɗauke wutar. Idan dole sai an gasa bututun, a raba taya da wili tukuna, a nisantar da tankin fetur, a naɗe gindin aksil da jiƙaƙƙen tsumma, kuma ka sa a ranka cewa za ka canza sil, wato robar da ke hana mai fita inda aksil ya fito daga giyabos.

Ki da kwarminsa

Wanke aksil da ramin wili da kananzir, ka goge tsatsa da sanfefa mai laushi har ƙarfe ya fito. Ɗauki ki ka duba shi a haske. Lafiyayye gefensa a miƙe yake. Wanda ya gaji za ka ga ya yi mataki a tsakiyar tsawonsa, daidai layin da wili da aksil suka haɗu, ko kusurwoyinsa sun murje. Irin wannan a yar da shi.

Zura sabon ki a kwarmin aksil. Ya kamata ya shiga da ɗan matsi, ba ya rawa hagu da dama. Ka gwada shi kuma a kwarmin wili. Yawanci na wili ne ke fara buɗewa, domin ƙarfensa ya fi na aksil laushi, kuma wannan sa'a ce, tunda wili ya fi sauƙin samu.

Ga wata matsala da ta shafe mu. Yawancin injunan nan da ake shigowa da su an ƙera su ne da awon inci na Amurka, kasuwarmu kuwa ta milimita ce. Inci 3/16 milimita 4.76 ne. Idan ka je wurin masu kayan inji za su ba ka ki na milimita 5 ko na 4. Na 4 ya yi ƙanƙanta, zai riƙa buga kwarmi duk taka feda har ya ƙarasa shi. Ka ɗauki na 5, ka kama shi a bais, ka ci gefe biyu da ke maƙwabtaka da juna da magagari a hankali, kana gwadawa, har ya shiga daidai. Aikin minti ashirin ne. Kada ka sa ƙusa ko guntun rodi ko karyayyen bakin dirila a madadinsa. Zagayayyen ƙarfe yana hawa gefen kwarmi ya buɗe shi, mai tsananin tauri kuma maimakon shi ya ci wuya, aksil zai ci.

Idan kwarmin wili ya buɗe sosai, mafi alheri sabon wili ko na tsohon inji irinsa. Ka tafi da tsohon don a gwada faɗin rami da tsawon bututu da zurfin da farantin ya shiga, saboda wilin da lambar tayarsa ta yi daidai, misali 18x9.50-8 ko 20x10.00-8, yana iya bambanta a bututu. In ba a samu ba, mai injin sassaƙar ƙarfe zai iya tsaga sabon kwarmi a ɗaya gefen ramin, daura da tsohon. Idan kuma na aksil ne ya ɗan buɗe, ana yin ki mai mataki, ƙasansa ya fi samansa faɗi, a ci shi da magagari ya dace da kowane kwarmi. Akwai kuma gam ɗin ƙarfe Loctite 660 da aka yi musamman don cike irin wannan gurbi idan bai wuce rabin milimita ba. Yana aiki, amma ka shafa shi a kwarmin aksil kaɗai. Idan ya malale cikin ramin wili, ranar faci ta gaba sai da wuta.

Sau da yawa idan an kai wa mai walda, shawarar da zai fara bayarwa ita ce a like wili da aksil a huta. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Zafin yana bin aksil ya ƙone sil, mai ya tsiyaye, sannan duk ranar da sil ko bushin ya buƙaci canji sai an yanke. Waldar da ta halatta ita ce ta tsagar da ke tsakanin bututu da farantin wili, bayan an cire wilin daga inji kuma an raba shi da taya. A ɗiga walda a wurare huɗu tukuna, a zura shi a aksil a juya a ga bai karkace ba, sannan a ƙarasa.

Ga masu irin na MTD, abin dubawa shi ne shafaffun gefen nan biyu. Notin tsakiya ne ke fara kwancewa, wili ya samu fili, ramin ya riƙa murjewa har ya kusa zama zagayayye. Idan ka kama shi da wuri, sabuwar washa mai lanƙwasa da ɗigon gam ɗin zare mai launin shuɗi a jikin noti sun wadatar. Tudun washar yana kallon kan noti, bakinta yana danne wili. Zaren notin na inci ne, kada ka tilasta masa na milimita. Masu notuna 4 ko 5 kuma, a ɗaure su a gicciye kamar na mota, a duba ko ramukan sun zama kamar ƙwai.

Mayarwa

Shafa giris siriri a jikin aksil duka, wannan shi zai hana tsatsar baɗi. Mayar da washa da bututun ciki. Juya aksil kwarminsa ya kalli sama. Zura wili, ka daidaita kwarmin biyu, ka tura ki daga waje har ya shige ya bar wa washa wuri. Sa washar waje, sannan kilif.

Idan ka ja wili ka ji har yanzu yana zamewa fiye da milimita 1 zuwa 2, ƙara siririyar washa mai rami inci 3/4. Kada ka cika har sai an danne kilif da ƙarfi kafin ya shiga, a bar ɗan numfashi. Kilif ɗin da ya buɗe ko ya lanƙwashe a canza shi, kuma ka cire na ɗaya tayar ka tafi da shi kasuwa a matsayin samfur, domin lambar kilif na milimita ba ta nufin abu ɗaya da ta inci. Ka matse shi da filaya har ka ji ya faɗa mazauninsa, ka juya shi da yatsa ka ga yana zagayawa a cikin tsagar. Waya da aka murɗa a wurin ba ta maye gurbinsa. Mayar da murfin roba, shi ke tare ruwa.

Tun da ka ɗaga injin, ka yi wa ɗaya gefen haka, ko da bai nuna komai ba.

Idan matsalar ta shiga ciki

Kafin ka yanke hukunci, gwada ko aksil ya lanƙwashe. Kafa waya mai tauri a kan katako, bakinta ya kusa taɓa ƙarshen aksil, ka juya aksil da hannu. Idan tazarar tana buɗewa tana rufewa a fili, ya lanƙwashe, yawanci daga faɗawa rami ko bugun kututture da gudu. Miƙar da shi da guduma ba ya ɗorewa, canji ne maganinsa.

Idan mai ne kawai ke tsatsafowa kuma aksil ba ya rawa, sil ne, kuma ana canza shi ba tare da sauke giyabos ba. Sau da yawa za ka tarar da igiyar buhu ko waya ko doguwar ciyawa ta nannaɗe a wurin ta yanke leɓensa. Wanke wurin sosai kada ƙasa ta shiga, banƙaro tsohon da ƙaramin sukudireba ba tare da ka karce alminiyom ba, goge aksil ya yi santsi. Naɗe kwarmin ki da tsagar kilif da salatif, domin bakinsu yana da kaifin da zai yanke sabon sil tun kafin ya isa mazauninsa. Shafa masa mai, zura shi leɓensa mai sifirin yana kallon ciki, ka buga shi a hankali da guntun bututu har ya yi daidai da bakin akwatin. Sannan a duba man da ya rage a ciki. Amma idan aksil yana rawa sama da ƙasa, sabon sil ba zai daɗe ba, sai an gyara bushin.

Bushin da ya cinye, ko aksil mai shiga da fita, duka suna buƙatar a sauke giyabos a buɗe. Za ka cire bel daga fuli, ka kwance sandar birki da ta feda da 'yar sandar baya da ake ja idan za a tura injin da hannu, sannan notunan da ke riƙe shi, jak yana tallafe da shi a kan katako. A kula da fankar roba da ke samansa, tana karyewa da wuri. Wanke bayansa tas kafin a buɗe, kuma a yi aikin a ɗaki a kan tebur mai tsabta. Mai aiki da matsin mai ba ya jure ƙura, ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta karce famfonsa, don haka ba aikin tsakar gida ba ne a lokacin hunturu. Ka kwafi lambar da ke kan takardar jikinsa gaba ɗaya, domin K46 kaɗai yana da iri-iri masu yawa, kuma da wannan lambar ake neman zobe da bushin da sil da suka dace. Idan ka buɗe ka ga mazaunin bushin a jikin alminiyom ya cinye ko ya tsage, neman wani giyabos ya fi araha da kwanciyar hankali. Wanda bai taɓa buɗe irinsa ba, ya cire ya kai wa wanda ya saba, ya tsaya a kansa.

Wajen rufewa, yawancinsu ba su da gasket, gam ake shafawa siriri. K46 yana fitowa daga kamfani da mai 10W-30, kuma Tuff Torq yana ba da shawarar 5W-50 na sintetik idan an sake zubawa. Masu giyar hannu kuwa wasu giris suke ci, wasu man giya, sai a bi abin da littafin wannan lambar ya ce. Bayan an ɗaura mai matsin mai, dole a fitar da iskar da ta shiga: tayoyi a sama, ja sandar turawa, tayar da inji a ƙaramar wuta, taka feda gaba da baya a hankali sau biyar ko shida. Mayar da sandar, ka maimaita har tayoyi su riƙa amsawa nan take ba tare da kuka ba.

Gwaji

Sauke injin, daidaita iskar tayoyin baya biyu. A yawancin ƙananan injuna awo 10 na PSI ne a baya, 14 a gaba, amma ka duba abin da aka rubuta a jikin taya da littafi. Masu faci sun saba da tayar mota, idan ba ka tsaya ba za su ɗura mata ninki biyu, kuma taya ɗaya mai tauri ɗaya mai laushi tana sa yanka ya karkace har ka zaci aksil ne. Sake jan layin alli a bakin aksil, ka bar murfin roba a cire. Tuƙa a fili ba tare da kunna wuƙaƙe ba, gaba da baya, kwana dama da hagu, ka gwada birki a ɗan gangare mara hatsari. Tsaya ka duba layin da kilif, sannan ka rufe.

Idan kana jan tirela da injin, ka rage lodi. K46 na yankan ciyawa ne a fili mai sauƙi, kuma duron ruwa biyu ko yashi a bayansa su ne ke cinye ki da bushin kafin lokacinsu. Bayan yankan farko ka sake ɗaga bayan ka girgiza tayoyin ta hanyoyin nan uku, a ƙarshen damina kuma ka zare wilin biyu ka sabunta giris kafin ka jingine shi. Ni ina ajiye ki biyu da kilif biyu a cikin gwangwani a ɗakin kaya, kuma duk ranar da za a kai taya faci, ana zare ki sai a ɗaure shi a jikin aksil da salatif.